Dangantakar Tsarin Ƙwayoyin Gado da Yawan Aikinsu a Jikin Ɗan'adam

Gabatarwa

Hausawa kan ce barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe, kuma su ne dai suka ce albasa ba ta yi halin ruwa ba. Karin maganar farko tana nuna cewa ɗa yakan ɗauko iyayensa, ta biyu kuwa tana nuna cewa ba kullum abin yake tafiya haka ba. Duk wanda ya zauna cikin jama'a ya ga misalan duka biyun. Sai ka ga yara biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, an gwada jininsu an ce dukansu masu sikila ne, amma ɗaya kusan kowane wata sai an kwantar da shi a asibiti, ɗayan kuwa sai ya shekara bai kwanta ba. Haka kuma sai ka ga makiyayi ya kafa kai ya shanye ƙwaryar ɗanyar madara bai ji komai ba, wani kuma ya sha kofi ɗaya cikinsa ya kama ƙugi.

A wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bayyana ɗaya daga cikin dalilan da masana suka gano game da irin wannan bambanci. Dalilin kuwa shi ne, samun ƙwayar gado a jikin mutum abu ne daban, yawan aikin da take yi kuma abu ne daban. Mata biyu suna iya sayen kayan miya iri ɗaya a wurin mai kayan miya ɗaya, amma miyarsu ta bambanta, saboda awon da kowace ta zuba. To, shi wannan awo, wani ɓangarensa a rubuce yake a cikin jerin haruffan gadon kansu. Yadda aka rubuta shi, da inda aka rubuta shi, shi ne abin da za mu duba.

Kafin in shiga, ya kamata in faɗi kalmomin da zan yi amfani da su. Idan na ce ƙwayar halitta, ina nufin ɗan ƙaramin ɗakin nan da aka gina jiki da irinsa, wanda ba a ganin sa sai da madubin likita. Idan na ce ƙwayar gado, ina nufin yanki ɗaya na saƙon da ɗa ke gada daga uwa da uba. Sauran kalmomin zan bayyana su a inda suka zo.

Littafi ɗaya, karatu daban-daban

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani dogon zare da ake kira DNA. An rubuta wannan zare da sinadarai huɗu kacal, waɗanda masana ke yi wa alama da haruffan A, C, G da T. Abin da mutum ya gada daga mahaifinsa ya kai haruffa biliyan 3, wanda ya gada daga mahaifiyarsa ma haka, an kuma naɗe su a ƙunshi 46 da ake kira kuromosom. An fara babban aikin karanta waɗannan haruffa a shekarar 1990, aka bayyana kammala shi a 2003, sannan a 2022 aka cike giɓin da ya rage.

Da aka karanta, sai aka tarar ƙwayoyin gadon da ke ɗauke da umurnin ƙera furotin ba su wuce kimanin 20,000 ba, kuma haruffan da ke fayyace furotin ɗin ba su kai kashi 2 cikin 100 na zaren ba. Furotin kuwa shi ne ma'aikacin jiki: shi ke ɗaukar iska a jini, shi ke narkar da abinci, shi ke gina tsoka.

Ga abin mamakin. Ƙwayar halittar hanta da ta ƙwaƙwalwa da ta fata duk littafi ɗaya suke riƙe da shi, harafi da harafi. Amma insulin, sinadarin da ke daidaita sukari a jini, wasu ƙwayoyin halitta ne kawai a cikin wata gaɓar ciki da likitoci ke kira fankiriyas suke ƙera shi. Haimogulobin kuma, furotin ɗin da ke sa jini ya yi ja, ƙwayoyin da za su zama jan jini ne ke ƙera shi, har kowace ɗaya takan cika da kimanin miliyan 270 nasa. Ke nan kowace ƙwayar halitta tana da babin da take buɗewa, da yawan karatun da take yi masa.

Daga littafi zuwa allo

Duk wanda ya yi makarantar allo zai fahimci wannan mataki cikin sauƙi. Littafin asali ba ya barin wurin ajiyarsa. Abin da ake yi shi ne a kwafi yanki kaɗan a kan allo, a ɗauki allon a je a yi aiki da shi, in an gama a wanke. Haka abin yake a ƙwayar halitta. DNA yana zaune a cikin cibiyar ƙwayar. Wani furotin, wanda zan kira magatakarda, shi ke bin ƙwayar gado yana kwafe ta a kan wani ɗan gajeren zare da ake kira RNA ɗan aike. Wannan ɗan aike shi ne allon. Yakan fita daga cibiya ya je wurin masaƙar furotin, inda ake karanta shi haruffa uku-uku ana jera furotin. Bayan wani lokaci sai a narkar da shi, wato a wanke allon.

Saboda haka idan masana suka ce ƙwayar gado kaza tana da yawan aiki, galibi suna nufin alluna nawa ne nata ke cikin ƙwayar halitta a lokacin da aka auna. Wata ƙwayar gadon allo ɗaya ko biyu za a samu nata, wata kuwa dubbai. Yawan allunan ya dogara ne da abu biyu: saurin rubutawa da saurin wankewa. Masana biyu 'yan Faransa, François Jacob da Jacques Monod, su ne suka nuna a 1961 cewa akwai wuraren da ke kan DNA waɗanda aikinsu kunnawa da kashewa ne. A jikin bakteriya suka yi nasu binciken, aka kuma ba su kyautar Nobel a 1965. Daga baya aka gano cewa na ɗan'adam ya fi wannan sarƙaƙiya nesa ba kusa ba.

Zauren ƙwayar gado

Kafin farkon kowace ƙwayar gado akwai wasu haruffa da masana ke kira furomota. Ni zaure zan kira wurin, domin a nan magatakarda ke yin sallama kafin ya shiga. Shi kaɗai ba ya iya gane ƙofa, sai wasu furotin sun yi masa jagora. Kowane jagora yana da 'yar gajeriyar kalma, mai haruffa kamar 6 zuwa 12, wadda yake ganewa ya manne mata. Idan zaure yana da kalmomin da jagororin wannan ƙwayar halitta suka sani, sai a yi ta kwafa. Idan babu, sai magatakarda ya wuce.

Zauruka iri biyu ne suka fi shahara. Na farko yana da jerin T da A, wanda ake kira akwatin TATA, kimanin haruffa 25 zuwa 30 kafin inda kwafa ke farawa. Marasa rinjaye ne daga cikin ƙwayoyin gadonmu ke da shi, kuma an fi samun sa a waɗanda ke aiki mai ƙarfi a gaɓa ɗaya tak, kamar na haimogulobin. Na biyu kuwa yana da tarin harafin C da G na biye da shi, CG, CG, a kusa da juna. Kimanin kashi 70 cikin 100 na zaurukanmu irin wannan ne, kuma a cikinsu ne ake samun ƙwayoyin gadon da kowace ƙwayar halitta ke buƙata dare da rana domin ta rayu.

Wannan CG yana da wata siffa. Ƙwayar halitta tana iya liƙa wa harafin C ɗin wani ɗan sinadari mai suna metil. Idan aka liƙa shi da yawa a zaure, to an sa kwaɗo ke nan, jagorori ba sa samun shiga. Misalinsa shi ne wata lalurar jinkirin fahimta da ake gado, wadda aka gano tushenta a 1991. A farkon ƙwayar gado mai suna FMR1 akwai haruffan CGG da ke maimaita kansu, galibi sau 30 ko kusa da haka. Idan maimaicin ya haura 200, sai a lulluɓe wurin da metil, ƙwayar gadon ta yi shiru, alhali umurnin ƙera furotin ɗin yana nan lafiya lau.

Akwai kuma misalin da ya fi kusa da mu. A hanta akwai ƙwayar gado mai suna UGT1A1, wadda ke taimakawa wajen fitar da sinadarin nan ruwan ɗorawa da ke sa idon mai shawara ya canza launi. A zaurenta, haruffan TA suna maimaita kansu sau 6 a wurin wasu mutane, sau 7 a wurin wasu. A 1995 aka nuna cewa ƙarin haruffa biyun nan yana rage aikin ƙwayar gadon ƙwarai. Wanda ya gaji mai 7 daga uwa da uba, idonsa yakan ɗan yi ɗorawa in ya yi azumi ko ya gaji, ba tare da wata cuta ba. Amma ga mai sikila, wanda jininsa ke saurin fashewa, wannan yana ƙara masa haɗarin samun tsakuwa a matsarmama. Irin mai 7 ɗin nan yana da yawa a tsakanin mutanen Afirka.

Zugazugin da ke nesa

Maƙeri ya san cewa gawayi da wuta kaɗai ba sa sa ƙarfe ya yi ja, sai an zuga. A kan DNA ma akwai wasu yankuna da masana ke kira inhansa, ni kuma zan kira su zugazugi. Su ma tarin kalmomi ne da jagorori ke manne wa, sai dai ba a bakin ƙofa suke ba. Suna iya kasancewa haruffa dubbai gaba ko baya, wani lokaci ma a tsakiyar wata ƙwayar gado daban. Da yake zare ne, sai ya lanƙwaso, zugazugin ya zo ya haɗu da zauren da yake yi wa aiki. A 2003 an gano wani zugazugi da ke nesa da ƙwayar gadonsa da kimanin haruffa miliyan 1, wanda sauyin harafi ɗaya a cikinsa ke jawo wani nau'in cindo, na gefen babban yatsa.

Labarin madara ma a nan yake. Kowane jariri yana ƙera wani sinadari mai suna laktes a hanjinsa, wanda ke narkar da sukarin da ke cikin nono. A wurin mafi yawan mutanen duniya, bayan yaye sai aikin wannan ƙwayar gado ya yi ƙasa. Shi ya sa babba in ya sha ɗanyar madara da yawa yakan ji kumburin ciki ko ya yi gudawa, amma kindirmo ba ya damun sa sosai, domin tsamin da ya yi ya riga ya cinye wani kaso na sukarin. Tun a 1971 wani bincike da aka yi a Nijeriya ya nuna cewa mafi yawan Fulani makiyaya suna narkar da wannan sukari har girmansu, mafi yawan Yarabawa da Ibo kuwa ba sa iyawa. Ba a san dalili ba sai a 2002, lokacin da masana suka gano harafi ɗaya, C da ya koma T, haruffa 13,910 kafin ƙwayar gadon laktes, a cikin wata maƙwabciyarta mai suna MCM6. Wannan harafi yana cikin zugazugi ne, kuma shi ke hana wutar mutuwa bayan yaye. A Finlan aka fara gano shi, daga baya kuma aka same shi a tsakanin Fulani. Makiyayan gabashin Afirka, kamar na Kenya da Tanzaniya da Sudan, an nuna a 2007 cewa nasu haruffan daban ne, amma duk a cikin zugazugin nan ɗaya suke. Ka ga ke nan laktes ɗin Bafulatani da na Bayarabe iri ɗaya ne. Yawansa bayan yaye ne ya bambanta.

Tsawo, ciko da wutsiya

Ban da zaure da zugazugi, jikin ƙwayar gadon kansa yana da siffofin da ke da alaƙa da yawan aikinta.

Na farko shi ne tsawo. Ƙwayoyin gadonmu a gutsuttsure suke: yankin saƙo, sai ciko, sai yankin saƙo. Wannan ciko, da ake kira intiron, sai an kwafe shi tukuna a yanke shi a zubar. Ƙwayar gadon haimogulobin ta manya ba ta wuce haruffa kimanin 1,600 ba, da yankunan saƙo 3. Ta distirofin kuwa, wani furotin na tsoka, ta haura haruffa miliyan 2, da yankunan saƙo 79, kuma an ƙiyasta magatakarda yana ɗaukar kimanin sa'o'i 16 kafin ya gama kwafi ɗaya. A 2002 wasu masana suka nuna cewa ƙwayoyin gadon da ake yawan kwafa sun fi samun gajeren ciko. Wannan magana ce ta galibi, domin akwai masu saɓa mata.

Na biyu shi ne zaɓin kalma. Na faɗa a baya cewa uku-uku ake karanta haruffan. Haruffa huɗu a jere uku-uku suna ba da kalmomi 64. Uku daga ciki alamar tsayawa ce, sauran 61 kuma su ke nuna tubala 20 da ake gina furotin da su. Ke nan tubali ɗaya yana iya samun kalmomi biyu, huɗu, har shida, kamar yadda mu ɗaliban harshe muke da kalmomi masu ma'ana ɗaya. An daɗe ana ɗaukar cewa duk wadda aka zaɓa daidai ne. Binciken da aka yi a shekarun baya-bayan nan ya nuna cewa a jikin ɗan'adam, ɗan aiken da kalmominsa suka fi ƙarewa da G ko C yakan fi daɗewa kafin a narkar da shi.

Na uku shi ne wutsiya. Bayan alamar tsayawa akwai sauran haruffa a kan ɗan aike waɗanda ba a fassara su zuwa furotin. A nan ake rubuta tsawon ran allon. Tun 1986 aka gano wasu gajerun jeri a wutsiya da ke sa a wanke allo cikin mintuna. An fi samun su a saƙonnin gaggawa, irin na garkuwar jiki, waɗanda in suka daɗe za su zama illa. Na haimogulobin kuwa yakan kwana bai lalace ba. A wutsiyar ne kuma wasu 'yan ƙananan RNA ke mannewa su rage aikin ɗan aike. Victor Ambros da Gary Ruvkun, waɗanda suka gano su a 1993, sun sami kyautar Nobel a 2024.

Na huɗu shi ne yawan kwafi a littafin kansa. Sinadarin da ke cikin yawu mai fara narkar da tuwo tun a baki, ƙwayar gadonsa AMY1 tana maimaituwa a kan zaren, wani yana da kaɗan, wani yana da fiye da 10. A 2007 aka nuna cewa masu kwafi da yawa sun fi samun sinadarin a yawunsu, kuma al'ummomin da suka daɗe suna cin hatsi da doya da makamantansu sun fi yawan kwafin.

Harafi ɗaya da zazzaɓin cizon sauro

A fatar ƙwayar jan jini akwai wani furotin da ake kira Duffy. Wani nau'in ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, mai suna Plasmodium vivax, da shi yake kamawa ya kutsa cikin jan jini. Kusan dukkan mutanen Afirka ta Yamma ba su da wannan furotin a jan jininsu. A 1995 aka gano dalili: harafin T ɗaya ya koma C a zauren ƙwayar gadon, daidai kan kalmar da wani jagora mai suna GATA1 ke mannewa. Shi wannan jagora a ƙwayoyin jini yake aiki. Saboda haka sai ƙwayar gadon ta yi shiru a jan jini, amma ta ci gaba da aiki a wasu sassan jiki, inda wasu jagorori daban ke buɗe mata ƙofa. Wannan ne babban dalilin da ya sa vivax bai yi ƙarfi a yankinmu ba kamar yadda ya yi a Indiya. Sai dai kariyar ba cikakkiya ba ce, kuma ba ta shafi falsifarum ba, wanda shi ne ke kashe mana yara. Gidan sauro da magani suna nan a matsayinsu.

Wannan harafi yana da wani tasiri da ya kamata a sani. Masu shi sukan nuna ƙarancin wani nau'in farin jini idan aka auna, alhali lafiyarsu ƙalau. Idan aka gwada su da ma'aunin da aka tsara a kan Turawa, sai a zaci ba su da lafiya.

Komawa ga sikila

Sikila tana faruwa ne saboda harafi ɗaya a cikin saƙon haimogulobin na manya: GAG ya koma GTG. Duk mai SS wannan harafi yake da shi daga uwa da uba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar jarirai kimanin 150,000 masu wannan cuta a Nijeriya kowace shekara. To me ya sa tsananinta ya bambanta?

Jariri a cikin ciki yana amfani da wani haimogulobin daban, na tayi, wanda ba ya lanƙwashewa. Bayan haihuwa sai a rage wutar na tayi, a ɗaga ta na manya, har na tayin ya koma ƙasa da kashi 1 cikin 100 a jinin babban mutum. Tun 1948 wata likitar yara a Amurka, Janet Watson, ta lura cewa jarirai masu sikila ba sa nuna alamun cutar a watannin farko, ta kuma danganta hakan da haimogulobin na tayi. Iyaye da yawa sun san wannan da idonsu: sai yaro ya kai wata shida ko kusa da haka ne hannu da ƙafa ke fara kumbura.

A tsakanin masu sikila, wani na tayin da ya rage masa kaɗan ne ƙwarai, wani kuwa ya haura kashi 20. Mai yawa yakan fi samun sauƙi. A 2007 da 2008 aka gano cewa wata ƙwayar gado mai suna BCL11A, a kan kuromosom na 2, ita ce ke ƙera furotin ɗin da ke rufe zauren haimogulobin na tayi. A 2013 kuma aka gano zugazuginta, wanda ke aiki a ƙwayoyin jan jini kaɗai. Mutanen da haruffan zugazuginsu ba su da ƙarfi sosai suna ƙera mai rufewar kaɗan, sai na tayi ya yi saura da yawa. Haka kuma nau'in sikilar da ake samu a Senegal da gabashin Saudiyya da Indiya yana tafe da wani sauyin harafi a zauren na tayi, kuma masu shi sun fi yawan na tayin. Nau'in da ya fi yawa a Nijeriya, wanda ake kira na Benin, ba shi da wannan sauyin.

Wannan sani ya riga ya zama magani. Haidiroksiyuriya, wanda aka amince da shi domin sikila a Amurka a 1998, ɗaya daga cikin ayyukansa shi ne ƙara haimogulobin na tayi. A watan Nuwamba na 2023 a Birtaniya, da Disamba a Amurka, aka amince da wani magani mai suna Casgevy. Ana ɗebo ƙwayoyin da ke haifar da jini daga jikin majinyaci, a yanke kalmar GATA1 da ke cikin zugazugin BCL11A, sannan a mayar masa da su. Harafin sikilar ba a taɓa shi ba. Awo kawai aka sauya. Sai dai aikin yana da wahala da haɗari, kuma kuɗin da aka sa masa a Amurka dala miliyan 2.2 ne.

Ko kwamfuta za ta iya karanta awon?

Tunda awon a rubuce yake, masana sun gwada koya wa kwamfuta ta duba haruffa ta faɗi yawan aikin. A 2020 wata manhaja mai suna Xpresso, ta hanyar duba haruffan zaure da wasu siffofin ɗan aike, ta iya bayyana kashi 59 cikin 100 na bambancin da ke tsakanin ƙwayoyin gadon ɗan'adam. A 2021 kamfanin DeepMind ya fito da Enformer, mai duba haruffa kimanin 200,000 a lokaci ɗaya, sannan a 2025 ya fito da AlphaGenome, mai duba miliyan 1.

Amma akwai iyaka. Bincike biyu da aka buga a 2023 sun nuna cewa irin su Enformer sun iya bambanta wannan ƙwayar gado da waccan, amma sun yi rauni wajen faɗin yadda ƙwayar gado ɗaya za ta bambanta tsakanin mutum da mutum. Bugu da ƙari, haruffa ba su ne komai ba. Shekaru, abinci, ciwo, juna biyu da magunguna duk suna ɗaga wutar wasu ƙwayoyin gado su rage ta wasu. Mai sikila da ke da na tayi da yawa, in zazzaɓi ya kama shi ko ruwan jikinsa ya ƙare, zai iya kwantawa.

Iyaka ta uku ta shafe mu kai tsaye. Afirka ta fi kowace nahiya yawan bambancin haruffan gado, amma mafi yawan mutanen da aka yi manyan binciken nan a kansu 'yan asalin Turai ne. A 2020 masu shirin H3Africa suka karanta haruffan mutum 426 kawai daga ƙabilu 50 na Afirka, suka sami sauye-sauye fiye da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa kalmomin da ke zaure, da zugazugin da ke nesa, da tsawon ciko, da zaɓin kalma, da wutsiya, da yawan kwafi, duk suna da hannu wajen yawan aikin ƙwayar gado. Mun kuma ga cewa harafi ɗaya a wajen saƙon yana iya yanke hukuncin ko mutum zai sha madara lafiya, ko wani zazzaɓi zai shige shi, ko sikilarsa za ta yi tsanani.

Ina da jan hankali guda biyu. Na farko, kada wani ya ga mai sikila da ya sami sauƙi ya ce to ai auren AS da AS ba komai. A kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi SS, kuma gwajin da ake yi kafin aure ba ya faɗin awon da yaron zai zo da shi. Rigakafi ya fi magani. Wanda kuma yake da mai sikila a gida, ya tambayi likita game da gwajin haimogulobin na tayi da kuma haidiroksiyuriya, kada ya saya ya sha da kansa.

Na biyu gare mu ne ɗaliban Hausa. Uwar da ke jinyar ɗanta a asibiti tana da haƙƙin a yi mata wannan bayani da harshen da take ji. Kalmomin da na yi amfani da su a nan, irin su zaure da zugazugi da magatakarda, shawara ce na kawo. Ina fata 'yan'uwa za su duba su, su zauna da ɗaliban likitanci da na kimiyya, a tace, a fito da waɗanda suka fi dacewa. Allah Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya ƙara mana ilimi mai amfani, amin.